Amsar Gwaggo ga Mai Son Zama Marubuciya

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Abu biyu kika tambaya: ko al'adarmu ta yarda 'yar gida ta riƙa ƙaga labaran aure da soyayya tana fitarwa duniya, da kuma ko za ki iya gina littafinki na farko a kan mutuwar auren nan da aka yi a dangi, tunda kin ce shi ya hana ki sukuni har kika ɗauki alƙalami. Kin kuma ce wasu a gida suna kiran abin aikin banza.

Ta farkon ba ta da wuya. Duk wanda ya ce rubutun labari baƙo ne a Zariya bai san garinsu ba. A nan Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da ƙagaggun labarai na farko cikin Hausar boko. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. Tatsuniya kuwa tun asali a bakin mata take. Ki bar wannan maganar.

Ta biyun ce mai nauyi. Abin da al'ada ta tsana shi ne tonon asiri, shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, kowa ya san gidan kowa, don haka sauya suna kawai ba ya ɓoye mutum. In kin bar unguwar, kin bar sana'ar mijin, kin bar yawan matansa da jerin 'ya'yansa, kafin littafin ya yi mako a hannun mutane an gane gidan, kuma wadda abin ya faru a kanta ita za ta sake shan kunyar, da 'ya'yanta da ba su yi aure ba. Ki ɗauki ciwon, ki bar mutanen. Sauya unguwa, sana'a, zamani, yawan kishiyoyi da sanadin rabuwar. In mijin maɗinkin manyan riguna ne, mai da shi ɗan kasuwar Sabon Gari. Ki haɗa halin mutum biyu ko uku a jikin mutum guda. In kin gama, ki ba wata babba a dangi wadda ta san zancen ta karanta. In ta ɗago kai ta ce ai wance ce, aiki bai yi ba, koma ki sake.

Kada ki taɓa sarautar da ke da mai riƙe da ita. Galadima, Madaki, Iya, Wambai, kowace tana da gida da zuriya, kuma gidajen sarautar Zazzau, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, duk suna nan suna karatu. In labari na buƙatar basarake, ƙirƙiri ƙauyen da babu shi ki naɗa masa dagaci. Kafin a kai wa maɗaba'a kuma, mahaifinki ya ji daga gare ki, ko ta bakina in kina jin nauyi. Kada ya fara ji a majalisa.

Inda sababbin marubuta suka fi faɗuwa shi ne rubuta al'adar da suka gani a fim maimakon ta gidansu. Neman aure yana da jeri: magabatan yaro su je gaisuwa, dangin yarinya su yi bincike, a yi baiko da goro da alewa a raba wa dangi, a sa rana, a kai lefe. Mata ke kai lefe, mata ke karɓa, su buɗe su ƙirga, a ba 'yan kawowa tukuici. Ranar ɗaurin aure wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar a gaban shaidu, a ambaci sadaki, lakadan ne ko ajalan. Sau da yawa uba ba ya bayarwa da bakinsa, wansa ko ƙaninsa yake wakiltawa, amarya kuma ba ta wurin. Sadaki nata ne ita kaɗai, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari. Kayan ɗaki da gara daga iyayenta suke fitowa. Mai karatu ya ga an juya ɗaya daga cikin waɗannan, ya daina yarda da sauran littafin.

Tunda kan rabuwa za ki yi rubutu, ki bambance yaji da saki. Mai yaji aurenta na nan, ta tafi gida ne da fushi, ana zuwa biko. Wadda aka saka tana idda, tsarki uku, ko har ta haihu in tana da ciki. Takaba kuwa wata huɗu da kwana goma. Shari'a ta ce a yi idda a ɗakin miji, amma a aikace yawanci ranar ake tattara kaya a koma gida. Wannan tazarar da ke tsakanin abin da aka ce da abin da ake yi, a ganina, ta fi duk wata makirar kishiya da za ki ƙirƙiro daɗin labari.

Sai kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Mace ba ta kama sunan miji, sai Malam, ko Alhaji, ko Baban wane. Budurwa ba ta zama gaban ubanta ta ce ga wanda take so. Ta kaka ko gwaggo zancen ke bi, saboda jika da kaka akwai wasa. Ki lura da wanda ke iya faɗa wa wa magana, ki gina hirarrakinki a kai. Zazzaganci kuma a ɗan yayyafa shi a bakin tsofaffi, bayanin marubuciya ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Zancen da kika yi cewa kina jin don wannan aka halicce ki, ban musa ba, amma kada ki ajiye karatunki a kansa. Littafi ba ya saurin ciyar da mai shi, musamman yanzu da ake kwafe labari a watsa a WhatsApp kyauta. Ki sa wa kanki shafi biyu kullum bayan asuba, kada ki koma gyara sai kin kai ƙarshe, sannan ki ajiye shi wata guda kafin ki sake dubawa. In za ki ɗanɗana wa mutane a intanet, babi biyu ko uku ya isa. Gwada hannunki da gajeren labari ma yana da amfani. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla.

Kafin bugu, samu wanda ya karanci Hausa, irin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya duba miki ƙa'idar rubutu: "yana" a haɗe, "za ta" da "shi ne" a rabe. Ki kai aikin a PDF, don haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama akwatuna in kwamfutar mai bugu ba ta da irin rubutun. Shafuka su tashi a ninkin 8 ko 16, haka ake naɗe takarda, in ba haka ba za ki biya kuɗin farar takarda. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Kada ki sa hannu a buga sai kin riƙe kwafin gwaji kin karanta daga bango zuwa bango, kuma ki fara da kaɗan.

In za ki shigo birni, zo da babi ukun farko a rubuce a takarda, idona ba ya jure waya. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki.