Tambaya da Amsa: Gundumar Mayo-Danay da Shinkafarta

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Marwa, ina so in fara sayen shanshera a Yagwa da Maga. Ku ba ni tarihin yankin, kuma me ya sa wata shekara shinkafa ta wadata, wata shekara a neme ta a rasa?

Amsa: Alhaji, Mayo-Danay gunduma ce a jihar Arewa Mai Nisa ta ƙasar Kamaru, hedikwatarta Yagwa, kogin Logone ne ya raba ta da Chadi. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 5,300, ƙidayar 2005 kuma ta samu mutum kimanin dubu 529, wato kusan mutum 100 a kowane murabba'in kilomita. Mafi yawansu Masa ne da Tupuri da Musgum, sai Fulani da Barebari da Hausawa a kasuwanni. Yarjejeniyar Jamus da Faransa ta 1911 ce ta mai da kogin iyaka a nan, shi ya sa za ka ga Bamase a Yagwa, ɗan'uwansa na Bongor, garin da ke tsallaken kogin a Chadi. A 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa garuruwan biyu.

Abincin gida dai jar dawa ce da masakwa da kifi, shanu kuma su ne dukiyar aure. Shinkafa ita ce hanyar samun kuɗi.

Kamfanin gwamnati na SEMRY, wanda aka kafa a 1971, shi ke riƙe da filayen ban ruwa, hekta 11,500 a jimlace. A Yagwa da injuna ake ɗago ruwa daga Logone. A Maga kuwa ruwa gangarowa yake yi daga tafkin da aka tare a 1979 da madatsar ƙasa mai tsawon kilomita 27. Riƙe wannan bambancin, domin ranar da inji ya lalace, filin Yagwa ne ke fara bushewa.

Manomi kan karɓi rabin hekta, ya biya kuɗin huɗa da na ruwa. Yana renon iri kwana 21 zuwa 30, sannan ya dasa. A nan ne yawancin asara ke farawa. Idan tarakta ta makara, iri ya tsufa a wurin reno, in an dasa shi ba ya 'ya'ya da yawa, sai ka ga gona shar amma zangarniya ƙalilan. Taki ma haka: wanda ya zo bayan shinkafa ta yi ciki bai tsinana komai ba. Ga kuma tsuntsun nan jan baki, da kan sauka garke guda lokacin da ƙwaya ke da madara, yara su wuni a bakin gona da gwangwani suna kora. Wanda ya dasa a makare, gonarsa ce ta rage wa tsuntsu bayan kowa ya girbe. Idan komai ya zo a kan kari, rabin hekta kan ba da tan biyu da rabi zuwa uku.

Ambaliya ita ce babbar masifa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, laka ce da ba ta shan ruwa, a 2012 da 2024 ruwa ya ci gidaje da gonaki da yawa. Mu a ganinmu gyaran madatsu da yashe magudanai ya fi buɗe sabon fili muhimmanci.

Tambaya: Ta yaya zan gane shanshera mai kyau?

Amsa: Soka hannu har tsakiyar buhu. In ka ji ɗumi, ba ta bushe ba, za ta yi rawaya ta yi wari. Ciza ƙwaya: busasshiya kan karye ƙas. Wadda ta sha rana fiye da kima kuma farfashewa take yi a injin casa. Ka casa kilo 10 na gwaji kafin ka ɗaure ciniki, mai kyau za ta ba ka kilo 6 zuwa 6 da rabi. Ka je da wuri lokacin girbi, domin 'yan kasuwar Najeriya a bakin gona suke saye, da kuɗi a hannu.