Yadda masu ɗanɗana giya ke ba ta maki a Amurka

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a ƙaramin kamfanin giya a Kolorado, baƙi na tambayarka wacce ta fi, kai kuma duk ɗaya kake ganinsu.

Alƙalan gasa ba a kan son rai suke yanke hukunci ba. A takardar BJCP, ƙungiyar da ke tantance alƙalan gasar giya, maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sauran 10 na gaba ɗaya. Kowace giya ana auna ta ne da irinta. Irin da ake kira IPA ɗaci take da shi da ƙamshin lemo saboda furen hops, wani tsiro da ake sa wa giya. Wadda ake kira stout kuwa baƙa ƙirin, tana ƙamshin kofi don an gasa sha'irinta.

Ɗaga kofin wajen haske, dubi launi da kumfa, ka kaɗa shi kaɗan, ka shinshina kafin komai. Wani kuskuren da ake yi shi ne farawa da giya mai ƙarfi, sai harshe ya mutu. Sanyi da yawa ma yana rufe ƙamshi.

In ba ka sha, ido da hanci sun ishe ka yi wa baƙo bayani. In ka ji warin man shanu ko na jiƙaƙƙen kwali, kira mai dafa giyar, shi zai gano inda ta ɓaci.