Karen gadi ya ci cakulan: wajibi ne a yi masa magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Karen da ke mana gadi ya cinye cakulan da yarona ya ajiye, ga shi yana ta amai da haki. Na ce zan kai shi wurin likitan dabbobi, sai wani dattijo ya ce almubazzaranci ne kashe kuɗi a kan kare. Mene ne hukunci? Kuma aman ya taɓa tufafina.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kai shi yanzu, sauran amsar ka karanta a hanya.

Cakulan guba ne ga kare. Akwai kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) a cikinsa, da kuma sinadarin tiyobromin, wanda jikin mutum ke narkarwa da sauri, amma a jinin kare sai ya yi kusan awa 17 rabinsa kawai ya fita. Gwargwadon baƙin cakulan da ɗacinsa, gwargwadon haɗarinsa. Garin koko (cocoa) da ake haɗa cakulan da shi ya fi duka, farin cakulan kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsa. Likitocin dabbobi na cewa alamu kan fara daga miligiram 20 na sinadarin a kowane kilo na nauyin kare, zuciya ta rikice daga 40, jijjiga ta zo wajen 60. Wato kare mai kilo 10, giram 100 na cakulan mai madara ya isa ya tayar masa da hankali, na baƙi mai ɗaci marar sukari kuwa abin da bai kai giram 20 ba ma ya isa. Alamun sukan jinkirta awa 6 zuwa 12, don haka ganin kare yana kaɗa wutsiya ba shaidar lafiya ba ce. Naka kuwa ya riga ya nuna.

Ka tafi da ledar cakulan ɗin, ka faɗi lokacin da ya ci da yawan abin da ya ci. Kada ka ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana kisa, madara kuma ba ta karya wannan guba. Idan an je da wuri, kamar cikin awa 2, likita kan sa shi amai. Bayan haka sai gawayi na asibiti, ƙarin ruwa, da maganin daidaita bugun zuciya. Babu wata allura guda da ke warware gubar, tallafa wa jiki ake yi har ta fita.

Yanzu ga hukunci. Annabi (SAW) ya yi izinin ajiye kare don farauta, kiwo da gona, malamai da yawa kuma suka yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan da buƙata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, babban malamin Malikiyya, ya ajiye kare lokacin da yake tsoro, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Dabbar da ka tsare a hannunka kuwa, ciyarwarta da kare ta daga halaka suna wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Lura, wancan karen ba nasa ba ne, a hanya ya gamu da shi. Ina ga wanda ke kwana a farke dominka?

Abin da ya rinjaya a wurina: idan kana da hali ba tare da tauye haƙƙin iyali ba, kai shi magani yana kanka, barinsa da gangan ya mutu cikin azaba zunubi ne. Idan ba hali, ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Almubazzaranci shi ne kashe dukiya inda bai dace ba, wannan kuwa ya dace. Ka faɗa wa dattijon haka cikin ladabi. Yaro ba shi da laifi, kai ma haka tunda ba da gangan ba ne. Wanda ya ba karen wani cakulan don ya kashe shi, wannan ya yi haramun, kuma a mazhabar Malik zai biya ƙimarsa idan karen na halas ne.

Batun tufafi: a wurin Malikiyya yawun kare mai rai da guminsa masu tsarki ne, amma aman da ya canza daga kamannin abinci najasa ne, haka fitsarinsa da kashinsa. Ka wanke wurin da ruwa har alamar ta gushe, ka yi salla da su. Shafi'iyya da Hanabila sun ce a wanke sau 7, ɗaya da ƙasa.

Wallahu a'alam.