Amsa ga Yaya kan masu danna baya ya yi ƙas

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Yaya, na ga saƙonka tun azahar, marasa lafiya ne suka yi mana yawa. Bari in amsa a nan gurup, don na san ba kai kaɗai ke da tambayar ba. Ka ce an turo maka bidiyon wani mai gyaran baya da hannu, wanda zai kwantar da mutum ya danna shi ko ya murɗa shi har ƙashi ya ce ƙas, kuma wai akwai mai yi a nan Kano. Kana so ka je saboda ƙugun nan naka, ka tafi da Hajiya ita ma saboda bayanta da gwiwoyi. To kai kana iya gwadawa, da sharaɗi. Hajiya kuwa, don Allah kada a kai ta.

Shi wannan salon, kairofiraktik, daga Amurka ya fito. Wani mutum ne Daniel David Palmer ya fara shi a 1895 a garin Davenport. Shi a ganinsa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, in an mayar da shi an warke. Bincike bai gaskata wannan ba. Abin da ya tabbata shi ne dannawar tana rage wa wasu ciwon baya na ɗan lokaci, gwargwadon yadda tausa da motsa jiki suke ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagorar da ta fitar a 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa ta ce ana iya haɗawa da ita cikin magani, tare da motsa jiki. Mu kanmu a sashen gashin ƙashi muna yi wa wanda ya dace. Saboda haka ban ce damfara ce ba.

Inda nake da ja shi ne ƙarar nan. Yaya, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Kowace gaɓa tana da ruwa mai yauƙi a ciki, in aka buɗa ta da sauri sai kumfar iska ta fito a cikin ruwan, shi ne ƙas ɗin da kake ji, kamar an buɗe kwalbar lemo. Gwada da yatsanka yanzu. Ja shi ya yi ƙara, sake ja nan take, ba zai yi ba sai an jima, kamar minti 20. Yatsan ya goce ne da ka gyara shi? Masu bidiyon kuma da yawansu makirfo suke ajiyewa dab da jikin mutum, shi ya sa kake jin kamar an karya kara. Duk wanda ya shafa bayanka da yatsa biyu ya ce ƙashi uku sun goce, sai ka biya zuwa goma, riƙe kuɗinka.

Naka ciwon, yadda ka kwatanta, irin na kowa ne. Ka wuni kan benci a Kwari babu majingina, walat a aljihun baya kana zaune a karkace, sannan in an kawo dila ka miƙe ka sunkuya ka taya yara ɗagawa, ga adaidaita sahu tana buga ka a ramuka har gida. Ciwon yana ƙugu, ba ya sauka ƙafa, in ka taka ya lafa. Irin wannan mafi yawansa cikin sati shida yake sauƙi ko an taɓa ko ba a taɓa ba, shi ya sa kowane mai magani yake da shaidu. In za ka je, ka lura da abu ɗaya: ya tambaye ka kafin ya taɓa ka? Yaushe ya fara, ka taɓa faɗuwa, kana zazzaɓi, wane magani kake sha? Ya kwantar da kai ya ɗaga ƙafarka a miƙe ya ga ko ciwon zai harba har ƙasan gwiwa? Ya sa ka taka da dunduniya, ka taka da yatsu? In daga sallama sai kwanta, sa takalminka ka fito.

Kuma wuya, kada ka yarda a fizge maka shi. Akwai jijiyoyin jini da suke bi ta cikin ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, murɗawa da ƙarfi tana iya tsaga su a samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai ba ne, gaskiya, amma kai da ciwonka ke ƙugu me ya kai ka?

To Hajiya. Ku lura da ita mana, ta fi da gajarta, bayanta ya fara ranƙwafawa, zanin da take ɗaurawa yanzu har ƙasa yake ja. Mace in al'ada ta ɗauke ƙashinta yana raguwa a hankali, ya zama holoƙo a ciki. Irin wannan ƙashin wani lokaci tari mai ƙarfi ko zama da ƙarfi kan kujera ya isa ya burma shi, balle ƙato ya haɗa hannu biyu ya sauke nauyinsa a kai. Gwiwa kuma guringuntsi ne ya cinye, ba abin da ya goce da za a mayar. Abin da zai taimake ta: tausa mai laushi da man kaɗanya, gashi da tawul da ruwan ɗumi, ƙarfafa naman cinya tana zaune tana miƙe ƙafa, sanda a hannun da ba na gefen gwiwar da ta fi ciwo ba, sallah a kan kujera ba tare da ta ji nauyin kowa ba. A fara kai ta asibitin ƙashi na Dala a yi hoto tukuna. Tun 1959 yake wannan aikin, ga shi a bakin ƙofarmu. Asibitin Malam Aminu Kano ma akwai sashen gashi.

Sauran 'yan gurup, ku saurara nan. Ciwon baya da zazzaɓin dare da gumi da rama, ba na tausa ba ne, tarin fuka yana cin ƙashin baya kuma muna ganinsa a garin nan. Ƙafa ta fara sanyi tana ja, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suna ƙwacewa ko fitsarin ya ƙi fita, wannan a ranar ake tafiya asibiti, ko da tsakar dare ne. Mai sikila da ƙugunsa ke ciwo yana ɗingishi, sau da yawa kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa, a kiyaye shi daga mai ja da mai murɗa. Wanda ya taɓa ciwon daji, shi ma haka.

Anti kin tambayi ƙaho. Wasu suna jin sauƙi, ban hana ba, in dai aska sabuwa ce kuma mutum ba ya shan maganin tsinka jini. Abin da ya fi damuna ƙullin ƙwayoyin nan ne na kemis da ake haɗa wa Hajiya, har da maganin ciwon nan diklofenak kullum. Yana cin ciki yana taɓa ƙoda, ga ta da hawan jini. A tattaro min duk abin da take sha a leda.

Yaya, ranar Asabar bayan la'asar zan shigo in duba ku duka biyun, in nuna maka motsa jiki uku da za ka riƙa yi a shago. Ka sa wando mai sakewa. Walat ɗin nan kuma ta koma aljihun gaba daga yau. A gaida Hajiya.