Ɗan wasan jami'a a Amurka zai iya karɓar kuɗin talla?

Malam, ka ce ƙaninka na buga ƙwallon kwando a wata jami'ar Amurka, ko zai iya karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa? Eh, tun 1 ga Yulin 2021 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta halatta, amma fa inda gizo ke saƙar shi ne biza, in bizar ɗalibai ta F-1 gare shi ba a yarda ya yi aikin kuɗi barkatai ba, ko talla ya ɗora a Instagram yana zaune can zai iya jawo a soke masa ita. Kar ya yi gaggawar sa hannu a takardar wani eja, wasu har kuɗin da zai samu nan gaba suke yanka. Ya fara ganin ofishin ɗaliban waje na makarantarsu da lauyan shige da fice tukuna. Kuma akwai haraji fa.