An Cire Mini Ƙari a Cinya: Shin In Biya Kuɗin Gwaji na Biyu?

Tambaya: An cire mini wani ƙari mai tauri a cinya. Sakamakon ɗakin gwaji ya ce da alama ba mai illa ba ne, amma likita ya nemi a ƙara wani gwaji mai suna IHC, wanda ya fi na farko tsada. In biya ko in haƙura? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, shawarata ita ce ki biya, muddin likitan zai iya faɗa miki cututtukan da yake son bambancewa. A gwajin farko ana yanka tsokar siriri, a rina ta da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sannan a duba siffar ƙwayoyin halittarta a madubin likita. Sau da yawa wannan ya wadatar, musamman ga ƙarin kitse mai laushi da ke motsi a ƙarƙashin fata, wanda ba kasafai yake buƙatar wani gwaji ba.

Matsala takan taso ne idan ƙwayoyin dogaye ne sirara, domin ƙari iri-iri suna da wannan kama alhali asalinsu daban. Shi gwajin IHC yana amfani da sinadaran garkuwar jiki waɗanda kowannensu ke manne wa furotin guda, kuma duk inda ya manne, wurin yakan yi launin ruwan ƙasa. Idan alamar furotin mai suna S100 ko SOX10 ta fito, ana kyautata zaton ƙarin ya samo asali daga rufin jijiyar laka ko ƙwayoyin da ke ba fata launi. Desmin kuwa tana nuna tsoka, CD31 tana nuna jijiyar jini.

A irin naki, mai tauri kuma a cinya, abin da likitoci suka fi son tantancewa shi ne ko damatofaibroma ne, wani ƙarin fata wanda ba ya cutarwa kuma yakan nuna alamar Factor XIIIa, ko kuwa DFSP, wata kansar fata mai girma a hankali wadda takan nuna CD34 sosai. Wannan ta biyu ba ta cika bazuwa zuwa sauran jiki ba, amma tana yin saiwa a ƙarƙashin fata kamar ciyawar ƙiri-ƙiri a gona, kuma idan ba a yanke ta da faɗi ba takan dawo. Sakamakon ne zai nuna ko an gama da ke, ko sai an sake tiyata.

Ba za a sake yanka ki don gwajin ba, domin ragowar tsokar tana ajiye cikin dunƙulen kaki mai lamba a ɗakin gwaji. Ki tambayi alamomi nawa za a gwada da kuɗin kowacce, tunda galibi da ɗai-ɗai ake lissafi, kuma biyu ko uku kan isa a irin wannan hali. Idan inda aka yi miki aikin ba su da kayan, ki nemi takardar turawa tare da dunƙulen, ki tuntuɓi sashen nazarin cututtuka na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su faɗa miki inda ake yi kafin ki biya kowa.