Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Ƙara wa Furosesa Gudu Ba Tare da An Toya Ta Ba

Tambaya: Malam, ina da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-12400. Na shiga BIOS (shafin saitunan kwamfuta na tushe) domin in ƙara mata gudu, amma lambar ninkawa, wadda ke ƙayyade gudun, ta ƙi canzuwa. Daga wani mai karatu a Nyanya.

Amsa: Ɗan'uwa, babu harafin K a ƙarshen sunan furosesarka, saboda haka Intel ta kulle ta tun daga masana'anta. Sai kana da mai K, tare da modabod (babban faifan da ake dasa sassan kwamfuta a kansa) mai harafin Z, kamar Z690. Ka kunna saitin XMP a BIOS domin ram ɗinka (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, ka ƙyale sauran.

Tambaya: A watan Disamba na kai Core i5-12600K ɗina 5.1 GHz a kan bolt (ƙarfin wutar da ke shiga furosesa) 1.45, kamar yadda na gani a YouTube. Na yi wasa na minti goma babu matsala. Tun shigowar Maris kuwa shuɗin allo nake gani kullum, wato kwamfutar tana faɗuwa. Ko bairos ne? Daga wani ɗalibi a Kubwa.

Amsa: Ƙanena, babu ruwan bairos a nan, kai ne ka ɗora furosesarka a kan murhu. Wannan ɗabi'a ta kwafo lambobin wani mutum daga bidiyo tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ko furosesa biyu masu suna ɗaya da suka fito daga masana'anta ɗaya, kowace da irin wutar da take buƙata kafin ta tsaya da ƙafarta. Mutumin da ka kwaikwaya wataƙila yana ɗaki mai sanyi a Turai da babbar na'urar sanyayawa ta ruwa, kai kuma kana Kubwa a ƙarƙashin rufin kwano.

Ka fahimci lissafin. Gudun furosesa shi ne 100 MHz sau lambar ninkawa, wato 51 ce ta ba ka 5.1 GHz. Zafi kuma ba daidai da bolt yake hawa ba, da bolt sau kansa yake hawa, saboda haka tashi daga 1.30 zuwa 1.45 yana ƙara wa furosesar zafin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Iyakar da Intel ta yanka wa wannan furosesa digiri 100 ce a ma'aunin Selsiyos, inda take rage gudu da kanta domin ta tsira. Sannan duk digirin da ɗakinka ya ƙaru da shi, kusan shi ne zai ƙaru a jikinta. Ka yi gwajinka da sanyin hunturu, yanzu kuma zafin bazarar Abuja ya shigo, ga ƙurar da fankoki suka yi wata uku suna zuƙa. A makon jiya na buɗe wata kwamfuta da aka kawo mini daga Gwarinpa, na tarar ƙura ta toshe tsakanin haƙarƙarin na'urar sanyayawa kamar an shimfiɗa bargo, man ɗauke zafi da ke kan furosesar kuma ya bushe ya zama ƙanzo, sai da na kankare shi da kati. Mai ita yana rantsuwa cewa wata shida kacal ta yi a hannunsa.

Kada ka ɗauka maganar bolt tsoratarwa ce. A 2024 Intel da kanta ta amince cewa yawan bolt ne ya riƙa nakasa wasu furosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14, har ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara garantin shekara biyu. Irin wannan lahani ba ya warkewa. Furosesar da ta sha wuta fiye da kima takan koma tana neman ƙarin bolt kafin ta riƙe gudun da a da take riƙewa cikin sauƙi.

Ka mayar da BIOS yadda ya zo, ka kakkaɓe ƙura, ka sake man da ke kan furosesar. Daga nan ka sa bolt da hannunka, ka fara daga wajen 1.25, kada ka bar shi a kan Auto, domin modabod da yawa suna zuba wuta babu ƙaƙƙautawa. Ka riƙa ƙara lambar ninkawa ɗaya bayan ɗaya, bayan kowane mataki ka gudanar da manhajar gwaji ta Cinebench na rabin sa'a, idan kwamfutar ta faɗi ka ƙara wa bolt 0.01 kawai. Ni dai a kwamfutar aikin yau da kullum ba na wuce 1.35, ba na kuma yarda zafi ya haura digiri 85. Idan ka ga kamar ta zauna, ka sa mata manhajar gwaji mai tsanani, OCCT ko Prime95, na sa'o'i da yawa, da tsakar rana, ba da asuba ba, kana kallon HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da kurakurai. Ko kuskuren WHEA (rahoton Windows kan tangarɗar sassan kwamfuta) ɗaya ya bayyana, ba ta zauna ba, ko da allo bai yi shuɗi ba. Wasan minti goma ba gwaji ba ne. Idan ta haye duka wannan, al'adata ita ce in sauko da mataki ɗaya in bar ta a nan, kuma ina rubuta kowane canji a littafi da biro, domin ran da ta birkice ba za ka tuna abin da ka taɓa ba.

Tambaya: Na canza wasu lambobi a BIOS, yanzu fankoki suna juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ta mutu ne? Daga wata baiwar Allah a Wuse.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce ta mutu. Ki zare wayar wuta, ki cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan modabod, CR2032, ki jira minti biyar, ki mayar. Lambobin za su koma na asali.

Tambaya: Ko zan iya yin aikin ƙara wa furosesa gudu da wutar janareta? Daga wani mai shago a Karu.

Amsa: Sai da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, a tsakani, da kuma akwatin wuta na kirki a cikin kwamfutar, ba irin wanda ake haɗawa kyauta da gidan kwamfuta ba. Sabunta BIOS kuwa kada ka soma shi ba tare da UPS ba, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, modabod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya.